DNA ba ya ƙarya, amma ba ya faɗin yadda aka yi ya je wurin

Ranar da muka ciro DNA, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, daga ayaba babu wuta a lab, kuma abin da ya fara ɓata wa Malam rai kenan tun kafin a fara, saboda sifirit ɗin da za a yi aikin da shi dole sai ya yi sanyi ƙarara, firij kuwa tun safe a mace yake. Sai da ɗaya daga cikinmu ya hau mashin ya je bakin get ya siyo ƙanƙara ta ɗari biyu muka tsoma kwalbar a ciki. Aikin kansa kamar wasan yara, ka ɓare ayaba ka sa a leda ka dame ta da hannu har ta zama kamar kunu, ka zuba ruwan gishiri da ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa, ka tace da ƙyalle, sannan ka karkata kwalbar ka tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali ta gefe. Ba a yi minti biyu ba sai ga wani farin abu yana tasowa sama, mai yauƙi kamar na kuɓewa, muka sa tsinken sakace muka naɗo shi. Wata 'yar ajinmu ta kalla ta yatsina fuska ta ce, Malam wai wannan majinar ce ake kama masu kisa da ita?

Kowa ya yi dariya har da Malam. Sai ya ce sabulun shi ya fasa kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin halittar, gishirin ya sa zaren ya dunƙule, sifirit kuma DNA ba ya narkewa a cikinsa shi ya sa ya fito fili. Daga nan ya jefo mana tambayar da har yau ban daina juya ta ba. Ya ce, in na gaisa da kai yanzu, na fita na ɗauki wuƙa na soki mutum, aka zo aka samu DNA ɗinka a ƙotar wuƙar, wa ya yi kisan? Muka ce kai mana Malam. Ya ce to ku kun gani, alƙali bai gani ba, takarda kawai za a miƙa masa.

Kafin wannan ranar ni ma ina cikin masu ganin cewa da an ce "an yi gwajin DNA" magana ta ƙare, a tashi kotu. Haka finafinai suka koya mana, a tsinci gashi ɗaya a sa a na'ura, hoton mutum ya fito a kwamfuta har da adireshinsa. Abin ba haka yake ba ko kusa.

A cikin kusan kowace irin ƙwayar halitta ta jikinka akwai zaren DNA 46, 23 daga uwa 23 daga uba, kuma da za a warware na ƙwaya ɗaya a miƙe shi zai kai kusan mita 2. Rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, kimanin biliyan 3 a kowane ɓangaren da ka gada. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ni da kai da mutumin Sin da mutumin Brazil rubutun nan namu iri ɗaya ne wajen kashi 99.9 cikin ɗari, don haka mai bincike ba ya zama ya karanta duka, ɓata lokaci ne, ɗan guntun da muka bambanta yake nema. Akwai wasu wurare a zaren da rubutun yake in'ina, misali GATA GATA GATA, yana ta maimaita kansa. A wuri ɗaya wani ya gaji maimaici 11 daga uwa da 14 daga uba, wani kuma 9 da 12. Su ake kira STR, kuma su ake ƙirgawa. Sakamakon gwajin da ake ta zuzutawa jerin lambobi ne kawai, babu suna babu hoto.

Wuri ɗaya ba ya wadatarwa. Kamar a ce maka ɓarawon sunansa Musa ne, to Musa nawa ne a Kano? Amma in aka ce Musa, ɗan Fagge, tela, mai wushirya, bahago, kowane ƙari yana rage yawan mutanen. A ɗauka, don misali kawai, kowane wuri mutum ɗaya cikin goma ne ke da irin lambobinka, wuri biyu ya zama ɗaya cikin ɗari, wuri shida ɗaya cikin miliyan, haka abin ke ninkuwa. Rumbun DNA na FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, da wuri 13 ya daɗe yana aiki, a 2017 suka mayar da shi 20.

Wani abin da na riƙe daga lakcar, jajayen ƙwayoyin jini ba su da cibiyar da DNA ke zama, daga fararen ake samu. Gashi ma in ba da saiwarsa aka tsige shi ba abin da ake samu bai kai yadda ake zato ba.

Asalin abin a Ingila ne, jami'ar Leicester, ranar 10 ga Satumba 1984, inda Alec Jeffreys ya duba wani hoton gwaji ya ga layuka-layuka da suka bambanta tsakanin mutum da mutum amma suna bin gado daga iyaye. Kuma aikin farko da aka yi da shi ba na kisa ba ne, shari'ar shige da fice ce a 1985, wani yaro ɗan asalin Ghana da hukuma ta yi shakkar ko ɗan matar da ke cewa ita ta haife shi ne. Gwaji ya nuna ɗanta ne, aka bar shi ya zauna da uwarsa.

Shari'ar da aka fi ba da labari kuwa ita ce ta ƙauyukan Narborough da Enderby, nan kusa da Leicester ɗin. An yi wa yarinya 'yar shekara 15 fyaɗe an kashe ta a 1983, sai a 1986 aka sake yi wa wata, ita ma 'yar 15. 'Yan sanda suka kama wani yaro mai shekara 17 da ke aiki a kicin ɗin wani asibiti, wanda dama yana da ɗan rauni wajen fahimta, aka yi ta masa tambayoyi har ya amsa cewa shi ya kashe ta biyun, amma ya ƙi amsa ta farkon. Ku lura da kyau, 'yan sandan ba su je wurin Jeffreys don su wanke yaron ba, sun je ne don ya taimaka musu su ɗaura masa kisan farkon ma. Sakamako ya fito, e lallai mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, amma ba wannan yaron ba ne. Mutum ya amsa laifi da bakinsa kuma ba shi ya yi ba. Ni wannan ya fi tsaya min a rai fiye da kama mai laifin, domin mu nan da an ce "ai ya amsa da bakinsa" shikenan, ba mai tambayar a wane hali ya amsa, bayan awa nawa, bayan mari nawa.

To a 1987 sai aka bi maza na yankin, sama da dubu biyar, ana ɗibar jini da yawu. Ba a samu kowa ba. Ashe mai laifin, Colin Pitchfork, wani ma'aikacin gidan burodi, ya lallaɓi abokin aikinsa ya je ya ba da jini da sunansa. Yadda asiri ya tonu shi ne abokin ya zauna a mashaya yana hira ya saki baki, wata mata da suke aiki tare ta ji, bayan wasu makonni ta kai wa 'yan sanda. Sai a lokacin aka ɗebi jinin Pitchfork na gaskiya ya dace, a Janairun 1988 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Wato ko a shari'ar da ake kafa hujja da ita, kimiyya ta tabbatar ne kawai, baki ne ya yanka wuya.

A zamanin Jeffreys sai an samu tabon jini mai ɗan girma kafin a iya aiki. Abin da ya sauya komai shi ne PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 har ta kai shi ga kyautar Nobel a 1993. Fotokwafi ce ta DNA. A zafafa zaren ya rabe biyu, a sanyaya, wani sinadari da aka samo daga ƙwayar bakteriya mai rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka ya gina wa kowane ɓari abokinsa, ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, in aka zagaya sau 30 lissafi ya haura biliyan. Don haka yanzu 'yan ƙwayoyin fata da ka bari a jikin kofi ko sitiyarin mota sun isa. Kuma a nan ne matsalar take, domin na'urar ba ta san wanda ya taɓa da mugun nufi ba, duk abin da ta samu kwafa take.

Jamusawa sun ɗanɗana wannan. Shekara da shekaru suna neman wata mata da ba a taɓa ganin fuskarta ba, DNA ɗinta ya fito a wajen wurare 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa, daga kisa har fasa ɗan ɗakin lambu, har a jikin sirinjin 'yan ƙwaya, har da kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. Jaridu suka sa mata suna fatalwar Heilbronn, aka sa ladan yuro dubu 300 ga duk wanda ya taimaka aka kama ta. Shaidu suna cewa su namiji suka gani, ana cewa ai ƙila shigar maza take yi, saboda an riga an yarda gwaji ba ya kuskure sai dai idon mutane. A 2009 aka gano matar ma'aikaciya ce a masana'antar da ake shirya tsinken audugar da 'yan sanda ke shafo samfur da shi. Audugar an kashe mata ƙwayoyin cuta, amma kashe ƙwayar cuta daban, share DNA daban. Su da kansu suke kai ta wurin laifin a cikin jakarsu. Daga baya, a 2011, aka danganta kisan 'yar sandar da wata ƙungiyar 'yan ra'ayin Nazi.

Ku duba fa, gwajin bai yi ƙarya ba. DNA ɗin matar ne da gaske, kuma yana kan audugar da gaske. Fassarar ce ta ɓata.

Labarin Kalifoniya ta Amurka ya fi ban tsoro, kuma shi ne tambayar Malam a aikace. A ƙarshen 2012 'yan fashi suka shiga gidan wani attajiri a Monte Sereno suka ɗaure shi ya mutu. A farcen mamacin aka samu DNA ɗin wani bawan Allah mara gida mai fama da shaye-shaye. Aka kama shi, tuhumar da za ta iya kai shi ga hukuncin kisa, shi kansa bai iya rantsewa ba saboda ba ya tuna inda ya kwana a daren. Ya yi wajen wata biyar a tsare kafin lauyoyinsa su tono takardun asibiti da suka nuna a daren yana kwance a gadon asibiti a buge, ko tsayuwa ba ya iyawa. To ta yaya? Ma'aikatan motar asibitin da suka ɗauke shi daga titi su ne bayan 'yan awanni aka kira gidan attajirin, suka taɓa gawar. Mutumin da bai ji ba bai gani ba, bai taɓa taka gidan ba. Da a ce asibitin ba sa ajiye takarda fa? Wannan tambayar nake yi wa kaina duk lokacin da na tuna yadda fayil ke ɓata a wurarenmu.

Tagwaye masu kama ɗaya kuma gwajin da aka saba yi ba ya raba su. A 2009 an yi satar gwala-gwalai a babban kantin KaDeWe na Berlin, aka samu DNA a safar hannu, ya dace da wasu tagwaye, Hassan ne ko Usaini ba a sani ba, dole aka sake su duka.

Sai batun lissafi, wanda nan ne ake yi wa mutane rufa-ido ba tare da an yi ƙarya ba. In samfurin ya lalace, rana ta dake shi ko ya cakuɗu da na mutum uku, ba duka wuraren ake samu ba, sai masani ya ce yiwuwar wani daban ya dace ɗaya ce cikin miliyan. Mai sauraro sai ya ji kamar an ce yiwuwar wanda ake tuhuma ba shi da laifi ɗaya ce cikin miliyan. Ba magana ɗaya ba ce. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 kamar Najeriya, ɗaya cikin miliyan na nufin akwai wajen mutum 200 da za su dace, kuma ɗaya ne kawai ya yi. Kama da wane ba ta wane. Abin da zai fitar da ɗaya daga cikin ɗari biyun shi ne sauran hujjoji, ina yake a ranar, me ya haɗa su, wa ya gan shi, me aka samu a hannunsa.

Kar a ɗauka ina kushe abin ne. Wallahi ko kaɗan. A Amurka tun da lauyoyi Barry Scheck da Peter Neufeld suka kafa Innocence Project a 1992 an fitar da ɗaruruwan mutane daga kurkuku da gwajin nan, kuma Kirk Bloodsworth da aka wanke a 1993 har hukuncin kisa an taɓa yanke masa kan kisan wata yarinya da bai yi ba. Abin da na lura shi ne gwajin ya fi ƙarfi wajen cewa "ba shi ba ne" fiye da cewa "shi ne". In lambobi suka saɓa a samfur mai kyau, jinin ba nasa ba ne, an gama. In suka dace, yanzu aka fara bincike.

Da na dawo gida hutu sai abin ya faru a gabana. Aka fasa shagon wani maƙwabcinmu da dare. Kafin ƙarfe bakwai na safe layin ya cika, kwaɗon da ɓarayin suka yanke yana yawo hannu zuwa hannu, kowa na juya shi yana cewa kai ku ga yadda suka datse shi kamar rake, ni kaina sai da na karɓa na duba kafin na tuna abin da aka koya min. Yaron shagon kuma don ladabi har ya share ƙasa ya yayyafa ruwa kafin 'yan sanda su iso. Da za a kai kwaɗon nan lab, rabin unguwa za a samu a jiki har da liman. Ba mugunta ba ce, jaje ne, haka muka taso, in abu ya samu mutum a taru a kansa. Amma duk na'urar da za a siyo ta biliyoyi ba za ta gyara abin da aka ɓata a awa ɗayan farko ba.

Haka batun gawa. Muna gaggauta jana'iza, kuma dangi da yawa da an ambaci asibiti za su ce mun bar wa Allah, ba wanda ke son a taɓa masa mamaci. Na fahimci wannan sosai. Sai dai shafo ƙarƙashin farce da adana rigar da mutum ya mutu a ciki, a takarda ba a leda ba don danshi na ruɓar da samfur, ba ya buƙatar yanka kowa kuma ba ya cin minti goma kafin wanka. Matsalar waye zai yi, da wane kaya, a kai ina. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA ta binciken laifuka a 2017, a hargitsin Oktoban 2020 aka farfasa ta aka lalata kayan aiki. Shi ya sa yau in ka ji ana maganar DNA a soshiyal midiya a ƙasar nan, kusan kullum rigimar ɗa na wane ne ake yi, ba binciken kisa ba.

Wani abin da ya burge ni, malaman fiƙihu sun hango wannan gaɓar. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta amince a yi amfani da gwajin a binciken laifuka, amma ba a tsayar da haddi ko ƙisasi da shi ba, saboda ƙa'idar nan ta cewa shubuha tana tunkuɗe haddi, kuma ba ta yarda ya maye gurbin li'ani, wato rantsuwar tsinuwa tsakanin miji da mata, wajen kore nasaba ba. Mutum zai iya muhawara kan wasu ɓangarorin, amma a batun laifi, wanda ya ji labarin mutumin Kalifoniya zai gane shubuhar da ake nufi ba ta raina kimiyya ba ce.

Akwai kuma masu cewa a ɗebi na kowa a ajiye a rumbu kawai a huta. Ingila ta buɗe nata rumbun tun 1995, kuma a 2008 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce riƙe na mutanen da ba a same su da laifi ba har abada ya saɓa haƙƙinsu. Sannan DNA ba naka ba ne kai kaɗai. A 2018 aka kama Joseph DeAngelo, tsohon ɗan sanda da ya addabi Kalifoniya da fyaɗe da kisa tun shekarun 1970, ba don yana cikin rumbun 'yan sanda ba, a'a, wasu danginsa na nesa ne suka ɗora nasu a shafin GEDmatch suna neman asalinsu, masu bincike suka bi salsala reshe-reshe har suka iso kansa, suka tabbatar da abin da ya jefar a shara. Na ji daɗin kama shi, amma na yi tunanin gidanmu, kakana 'ya'yansa sun haura ashirin, jikoki ba a magana. Mutum ɗaya a cikinmu ya tofa yawu a kwalba ya aika, ya ba da rabin labarin zuri'a guda ba tare da ya shawarci kowa ba. Kuma a hannun wa rumbun zai zauna?

Ranar firaktikal ɗin, da za mu fita, na tsaya na tambayi Malam ko abin da muka naɗo a tsinke na ayaba ne zalla. Ya ce wa ya ɓare ta? Na ce ni. Da safar hannu? Na ce babu, ai ba a raba mana ba. Wa ya riƙe ƙyallen tacewa, wa ya yi ta surutu a kan kwalbar? Na lissafa masa mu huɗu. Ya ce to in an nemi na ɗan Adam a ciki ku huɗun nan ana iya samunku, ya ɗan yi shiru yana kulle durowa, sannan ya ce ƙila har da matar da ta sayar muku da ayabar.